Kwana Uku a Gidan Inna Babba

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu shi ma ya fara furfura, ya zo gaishe ni yana ba ni labari wai a ƙasashen Turawa akwai masu shirya wa masu zane tafiya. A tara su rukuni guda, a haɗa su da jagora, a kai su wata ƙasa su yi hutu suna zana gine-gine da duwatsu. Yana faɗa yana leƙen fuskata, yana jiran in riƙe baki don mamaki. Na ce masa ya sha ruwansa, mu mun yi wannan tun ba a haife shi ba, kuma a kan keke muka yi. Ya yi dariya, ya ɗauka ba'a nake yi. Na bar shi a haka, don ban cika son ba da labarin da baki ba.

A lokacin ina saurayin malami a wata firamare a Isa, gidanmu kuwa yana Sabon Birni. Shekarun fari ne. Damina biyu a jere ta leƙo ta koma, gulbi ya zama hanyar jakuna, Fulani suna kora abin da ya rage na shanunsu zuwa kudu. Mu malaman makaranta muna da albashi, saboda haka yunwar tana wucewa ta gefenmu. Muna ganinta, muna jajanta wa mutane, amma ba ta taɓa kwana a cikinmu ba. Daga baya na gane wannan ne ya mai da mu wawaye.

Akwai wani dattijon malami a makarantarmu, mutumin Tozai, gajere, mai saurin fushi, kullum da guntun fensir a bayan kunne. Shi ya koyi zane a kwalejin horon malamai, kuma ya ɗauki abin da zafi kamar gado. Duk hutun bazara sai ya tattara waɗanda ya ga suna da hannu a cikinmu, mu ɗaure allunan katako da takardu da gawayi a bayan kekuna, mu bi shi ƙauye-ƙauye. Shi ke zaɓen hanya, shi ke gaida masu gari, shi ke nuna inda kowa zai zauna. Dokokinsa ba su da yawa. Ba a zana mai rai, don galibinmu 'ya'yan malamai ne, kuma mutanen ƙauye ba za su yarda ba. Ba a taɓa fensir sai an zauna an ƙare wa abu kallo. Sannan ba ƙari, ba ragi.

"Abin da idonka yag gani shi za ka sawa," haka yake cewa. "Ban aike ka gyaran ginin mutane ba."

Bayan la'asar sai mu shimfiɗa takardunmu a kan tabarma, mu danne da tsakuwa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinke a hannu yana ci mana mutunci. Ya taɓa duba wani rumbu da na yini ina zanawa ya ce, "Wanga rumbu na, ko hular sanyin kakanka?" Muna jin haushinsa, muna kuma son sa ƙwarai. Ban taɓa jin daɗin zagi irin nasa ba.

A waccan shekarar ya ce za mu ƙetara Nijar, wadda tsofaffinmu ke kira Faransa, don a wajen Madawa akwai manyan rumbunan laka da babu irinsu a wajenmu. Na koma gida ina rawar jiki na gaya wa mahaifiyata. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta ce in zauna.

Tana da yaya a can, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda muke kira Inna Babba. Ita ta goya mahaifiyata bayan rasuwar uwarsu, sannan aure ya kai ta wani ƙauye a hayin iyaka. Rabonsu da juna tun ina rarrafe. Mijinta ya rasu, ɗanta guda ya tafi cin rani Kurmi bai dawo ba, kuma tun da fari ya kama, ko saƙon baki ya daina zuwa. Mahaifiyata kuwa ciwon gwiwa ya hana ta ko zuwa bakin kasuwa.

Ta ce, "Ka tahi ka gano mini Yaya. Ka duba da kyau, ka ji ko? In ka ga babu, ka ɗauko mini ita, ko bisa kekenka na. Ba ta hwaɗa maka da bakinta, na san halinta."

Na ce, "Haba Inna, kallo ai shi ne sana'ata."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ba ni atamfa da sabulu da goro in kai mata.

Mu biyar muka tashi, har da jagoranmu. Muka bi ta Tsamaye muka ƙetara. Jandarmomin bakin iyaka suka juya allunanmu gaba da baya, suka ɗauka masu awon ƙasa ne, sai da dattijon ya zauna ya zana musu rumfarsu har da butar da ke rataye, suka yi ta dariya suka buɗe mana hanya. Daga nan dariya ta ragu. Itatuwan gawo duk an sassare rassansu an ba dabbobi. Mun wuce gawar shanu a bushe, mun wuce mata suna tona gidan tururuwa suna neman 'yan ƙwayoyin hatsin da ta tara. Muka yi salati, sannan muka koma gardamar yadda ake fitar da inuwa da gawayi.

Washegari kafin azahar muka isa ƙauyen. Ban ma gama sallama ba wata tsohuwa siririya ta fito daga zaure ta kama wuyan hannuna da ƙarfi.

Ta ce, "Ɗan Auta na! Kunnuwan ubanka na gani tun daga nesa." Auta take kiran mahaifiyata. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta tambayi kowa da kowa har da waɗanda suka daɗe a kabari, hannuna yana cikin nata ba ta saki ba.

Ta share mana zaure, ta shimfiɗa tabarmi. Muna da guzurinmu a ɗaure a kan kekuna: gari, ƙuli-ƙuli, sukari, dabino, abin da zai riƙe mu kwanaki. Ɗaya daga cikinmu, wani dogo mutumin Kurawa, ya fara kwance nasa. Na daka masa tsawa. A wajenmu, in ka sauka gidan ɗan'uwa ka fito da guzurinka, ka zage shi ke nan, ka ce masa bai isa ya ciyar da kai ba. Balle gidan uwa. Na ce duk wanda ya kwance ƙulli a gidan nan, ni da shi ne. Gaskiya har da son a sani a ciki. Ina so abokaina su ga ni ma ina da gida a Faransa.

Jagoranmu ya ja ni gefe ya ce, "Kwana guda ya isa. Shekarag ga ba ta baƙunci ba ta."

Na shiga ciki na tambaye ta, kamar yadda aka aike ni. Na ce, "Inna, yaya hatsi bana?"

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ga rumbu nan tsaye, ko ba ka gani?"

Na duba, ga shi kuwa tsaye, ƙato, da hularsa ta ciyawa a kai. Na fito na gaya wa dattijon babu damuwa. Shi ma rumbunan garin sun riga sun tafi da hankalinsa, tun da muka shigo yake ta zagaya su yana shafa laka. Bai ja maganar ba. Muka yi kwana uku.

Da yammacin ranar farko, Inna Babba ta tafi rijiya, na zauna a ƙofar zaure ta ciki na zana tsakar gidanta. Na sa rumbu, na sa turmi da murhu da igiyar shanya. A gindin bangon ɗakinta, ƙarƙashin inuwar jinka, akwai wata babbar tukunya an liƙe bakinta da laka, ita ma na sa ta. Bayan la'asar dattijon ya tsaya a kan takardata ya daɗe, ya ce ginin ba laifi, amma inuwar ta wani gari ce. Ya ce in sake zama a wurin ranar da za mu tafi, da hantsi, in ga yadda rana ke faɗuwa a kan bango. Daga bakinsa, "ba laifi" babbar kyauta ce. Kaina ya kumbura har na kasa cin goro.

Tuwon gero Inna Babba ta yi mana a ranar, da miyar kuka. Da safe kunu, da rana fura, da yamma tuwo, haka har kwana uku, ga ƙarti biyar masu yini a rana. Tuwon yana da ɗan ɗanɗanon toka. Mutumin Kurawa ya raɗa mini wai mutanen Faransa ba sa rowar toka, na taka masa ƙafa. Ba mu taɓa ganin tana ci ba, amma wannan bai dame ni ba, don a ina tsohuwa take cin abinci gaban baƙi maza?

In ina zane a cikin gida, takan kawo 'yar kujerarta ta zauna daga bayana don kada ta tare mini haske, tana kaɗi tana tambaya. Auta har yanzu tana tsoron kwaɗo? Har yanzu tana zuba barkono kamar mai faɗa da miya? Wa ke yi mata kitso? Ta ba ni labarin yadda ta taɓa goya ta daga gona har gida cikin ruwan sama, tana kuka wai an bar mata ludayinta a kunyar gona. Ina amsawa ina dariya, hannuna yana aiki.

Ranar tafiya na koma ƙofar zaure da hantsi na sake zana tsakar gidan. Komai yana inda yake, sai tukunyar nan da yanzu faifai ne a bakinta, ga ɓarɓashin busasshiyar laka a gindinta. Na sa faifan, na sa ɓarɓashin ɗaya bayan ɗaya, har ina jin daɗin yadda suka fito. Dattijon ya duba ya gyaɗa kai, ya ce mu ɗaure kaya.

Ta raka mu har bayan gari. Ta ba ni ƙullin kuka in kai wa mahaifiyata, ta ce, "Ka ce ma Auta ina nan lahiya lau. In anka yi girbi ina tahe."

Daga nan muka yi sama da mako biyu muna yawo. Muka zana kasuwar Madawa kafin ta cika, muka zana rijiyoyi masu zurfin da ba a ganin ruwansu, muka gangaro Tibiri muka zana tsofaffin soraye. Wani mushen lakwal, wato malamin makarantarsu, ya bi mu kwana biyu yana koyon riƙe gawayi. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗin duniya kamar a kwanakin nan ba, kuma har gobe ina kewarsu duk da abin da ya biyo baya. A kusa da Tibiri ruwan farko ya same mu a hanya. Muka cusa takardu cikin riguna, muka tsaya a fili muna ihu kamar yara. Kafin ƙasa ta sha iska, gari duk ya fita gona da sungumi, mata suna bin maza suna jefa iri.

Na iso gida baƙi ƙirin, na ba mahaifiyata kukarta da saƙonta. Na ce Inna Babba tana nan garau, rumbunta tsaye, kwana uku tana ɗura mana tuwo har muna nishi. Ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, ranar har waƙa na ji tana yi a madafa.

Da safe na baje takarduna a tsakar gida don a yaba mini. Mahaifiyata ba ta taɓa kula zanena ba, wasan gawayi take kiransa. Amma ranar ta ce in nuna mata gidan Yaya. Na miƙa mata ta farko. Ta riƙe ta da hannu biyu ta daɗe tana kallo, tana bin bango da yatsa. Na miƙa mata ta biyu, ina bayanin inuwa. Ba ta saurare ni ba. Ta ajiye su gefe da gefe a kan tabarma.

Ta ce, "Wacce kaf fara yi?"

Na nuna mata.

"Ina tsanin rumbu?"

Na ce ban ga tsani ba, da na gani da na sa.

"In da abu ciki, da tsani na nan jingine." Ta ɗora yatsa a kan tukunyar. "Tuwon da kunka ci, kun ji toka cikinai?"

Na ce mun ji.

"Ku nawa?"

"Mu biyar."

"Kwana ukku." Ta faɗa a hankali, ba tambaya take yi ba. "Kun cinye mata iri."

Ni jikan manoma ne ta kowane ɓangare. Tun ina yaro na san ana zaɓen zangarniya mafi kyau a sussuke, a gauraya da toka don kada ƙwari su ci, a zuba a tukunya a liƙe bakinta da laka, ba a fasawa sai ruwa ya sauka. Akwai irin tukunyar a ɗakin mahaifiyata, na sha tuntuɓe da ita. Amma na zauna gabanta sau biyu, na auna faɗinta da fensir, na fitar da inuwarta, ban ga komai ba sai tukunya mai kyan zane. Da mahaifiyata ta zage ni da na ji sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta raba abin da ya rage na irinmu gida biyu, wanda muka ajiye ko shukar farko za ta ƙone, ta ƙulla rabi a tsumma. Ta sa aka ɗaura mini rabin buhun dawa a kan keke.

Ta ce, "Ka ba ta wanga ta shuka, in ta ƙiya ka ɗauko ta. Kak ka tsaya jin bakinta."

An koma makaranta a makon, ban ko aika a faɗa ba. Na taka keke kamar zan karya shi, na isa ƙauyen washegari da hantsi. Gonakin bakin gari duk sun tsiro, kore shar. Ƙofar zaurenta kuwa an jera mata ƙaya. Na janye na shiga. Turmi a kife, murhu ba toka, tukunyar a kwance a gefenta. Na tattaro duwatsu na taka na leƙa rumbun, babu komai sai kashin ɓera.

Wani tsoho maƙwabcinta ya ji motsi ya leƙo. Ya ce, "Kai na cikin baƙin nan masu takardu?"

Na ce ni ne ɗan ƙanwarta.

Ya ce da ruwa ya sauka, duk mai iri ya fita gona. Ita ta kwana biyu ba ta fito ba. Da ta yi magana da an tattara mata iri ko tafin hannu ɗaya-ɗaya ne, amma ba wanda ya sani, don kowa ya san tana da tukunyarta, kuma ita ba mai buɗe baki ba ce. Rana ta uku wasu iyalai da su ma ba su da abin shukawa suka ɗaura kaya za su kudu, ta bi su a ƙasa, ta ce za ta nemi ɗanta. Wasu sun ce Maraɗi suka nufa, wasu sun ce mota suka samu a hanya.

Ya ƙara da cewa, "Amma ta yi murna da zuwanku ƙwarai. Gida-gida tab bi tana hwaɗin ɗanta malami ya zo da abokanai, kuma ba wanda yak kwana da yunwa."

Na zauna a ƙasa a tsakar gidan na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Na bar wa tsohon dawar, na roƙe shi ya shuka irin a gonarta ko za ta dawo. Ya yi alkawari, kuma na ji ya cika. Ruwan ne ya sake ɗaukewa a tsakiyar damina.

Da na shigo unguwarmu, na hango mahaifiyata zaune a bakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ni ta kalla ba, bayan keken ta kalla. Sannan ta ce in shiga in sha ruwa.

Hutu uku a jere na yi ina nema. Na je Maraɗi na bi rumfunan da masu gudun yunwa suka kafa a bayan gari, na ba fataken goro saƙo zuwa Kurmi, na tambayi direbobi har suka fara gudu na. Ba ita, ba ɗanta. Jagoranmu da ya ji labari ya zo har Sabon Birni, ya durƙusa daga bakin ƙofa, mutumin da ban taɓa ganin ya rusuna wa kowa ba. Ya ce laifinsa ne, shi ne babba, kuma jikinsa ya ba shi tun ranar farko. Mahaifiyata ta ce masa haka Allah Ya rubuta, ta sa aka kawo masa fura. Na yi shekara ban yi masa magana ba, alhali na san ba shi ya hana a kwance guzuri ba. Da bazara ta zagayo ya aiko a kira ni tafiya, na ce a gaya masa kekena ya lalace.

Wata rana da yamma, bayan na daina nema, ina zaune kusa da mahaifiyata tana tsince wake. Ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Ta yi hurhura?"

Na ce, "Wa, Inna?"

"Yaya. Ta yi hurhura? Tsagen kumatunta ana ganinai har yanzu, ko tsuhwa ya shanye shi? Haƙoranta na gaba suna nan?"

Zan iya gaya mata inda bangon ɗakin ya tsage da inda jinka ta zame. Na tuna ƙarfin hannun tsohuwar a wuyan hannuna, na tuna muryarta. Amma duk hirar da muka yi ta kwana uku, na ba ta baya ne ina fuskantar bango. Na yi tunanin in yi ƙarya in ce ta yi furfura fat, tsagenta raɗau. Na kasa.

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsintar wakenta. Ba ta sake tambayata ba har ta bar duniya. Yanzu na girmi Inna Babba a shekarun da na same ta, idona ma ya fara hazo, kuma babu abin da nake marmari kamar a mayar da ni ƙofar zauren nan, tana bayana tana tambayar Auta, in ajiye gawayin in juyo in dube ta.